Kujerar da Ke Kallon Bango

Akwai wani kafinta da mutanen layinsu suke kira Rediyo. Ba gyaran rediyo yake yi ba, bakinsa ne ba ya hutawa. In ka kai masa kujera ya ɗaura mata ƙafa, kafin ya buga ƙusa ɗaya ya ba ka labarin itacen, da wanda ya saro shi, da dalilin da ya sa kayan yanzu ba sa ƙarko.

Amma surutun duk na waje ne. Gidansa shiru yake kamar an yi ƙaura. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Ya'yansa maza sun girma kowa ya kama gabansa, sai waya jefi-jefi. Daga shi sai Auta.

Ita Auta da lalura aka haife ta. Hannuwanta a ƙanƙame suke, ƙafafunta ba sa ɗaukarta, kai da wuya kawai take iya sarrafawa. Tana magana, amma kowace kalma sai ta yi kokawa da ita kafin ta fito. Hankali kuwa garau, ta fi ni da ku lura.

Kada ku ce uban ba ya sonta. Yana sonta kamar ransa. Ƙanwarsa, wadda Auta ke kira Gwaggo, ita ke zuwa da safe ta yi mata wanka ta shirya ta. Sauran hidima duk shi ne. Shi ke ba ta abinci a baki, shi ke tura kekenta, shi ya ƙera mata abin jingina da hannunsa.

Aibinsa ɗaya ne. Ba ya jira ta gama magana.

"Baba, ina so..."

"Ruwa? Ga ruwa."

"A'a, ka..."

"To fanka ce. Bari in kunna."

In baƙo ya ce, "Auta, ya jiki?" kafin ta buɗe baki ya amsa: "Lafiyarta lau, ta gode."

Kullum da safe zai tura ta zuwa shago, ya ajiye kekenta a lungu, fuskarta na kallon bangon da ake rataye zarto da guduma, bayanta na kallon titi. Ya ce saboda garin katako ne, kuma ba zai bari a mayar masa da 'ya abin kallo ba. Da kunne Auta ta san titin nan. Ta san ƙarar injin mai waldan da ke kusa da su, ta san hayaniyar 'yan makaranta in an tashi, ta san motar da birkinta ke kuka. Fuskokinsu ne ba ta sani ba.

Kuma kullum in ya ajiye ta sai ta ce, "Baba, ka..."

Sai ya ce, "Na sani, matashi," ya gyara mata matashin kai ya koma bakin aikinsa.

Haka aka yi shekaru.

Wata rana a asibitin da ake motsa mata gaɓoɓi suka haɗu da wata mata mai koyar da wasanni, kowa Koci yake ce mata. Ta ce akwai wasan da ya dace da Auta, sunansa bociya. Ana ajiye farin ƙwallo a fili, kowa ya gangara nasa ƙwallayen na fata, wanda nasa ya fi kusa da farin shi ya ci. Wanda hannunsa ba ya jifa, ana kafa masa wani dogon abu kamar indararo a gabansa. A ɗora ƙwallo a kai, shi kuma ya tura da siririyar sanda da aka ɗaura masa a goshi.

Kafinta ya ce, "Indararo? Ai an zo gidana."

Ya ƙera shi da katako mai kyau, ya goge shi har ƙuda in ya sauka sai ya zame. Auta kuwa tun ranar farko aka ga abin mamaki. Yarinyar da ta yi shekaru tana auna bango da ido, ashe ta iya awo.

Sai dai wasan yana da doka. Dole ɗan wasa ya samu mataimaki mai juya masa indararo da ɗora ƙwallo. Mataimakin nan zai zauna a gabansa, ya ba fili baya. Ba zai waiwaya ba, ba zai yi magana ba, ko da ido ba zai yi nuni ba, har sai alƙali ya ce an gama zagayen. Abin da ɗan wasa ya ce, shi kawai zai yi. Shi hannu ne, ba kai ba.

Da Gwaggo ta ji, dariya ta yi har da riƙe ciki.

"Yaya, kai za a ce ka yi shiru? Kai da ko barci kake yi bakinka na motsi?"

"Ke dai ki sa ido," in ji shi.

An sa ido kuwa, an gani. A gasar da ake zaɓen waɗanda za su wakilci ƙasa, ana wasan ƙarshe, Auta ta fara cewa, "Hagu... ka..." kalmar ta maƙale. Lokaci yana tafiya. Kafinta ya kasa daurewa. Ya saci kallo ta kan kafaɗa, ya ce ƙasa-ƙasa, "Dama ya kamata," ya juya indararon yadda ya ga ya fi.

Alƙali ya gani. Aka cire wa Auta ƙwallo, wasan ya kuɓuce mata. Allah ya taimaka makin da ta tara a baya ya isa a sa sunanta cikin masu tafiya babbar gasar duniya ta masu buƙata ta musamman, wadda ƙasashe ke haɗuwa a yi gudu da ninƙaya da ɗaga ƙarfe da sauransu. Amma a hanyar gida ba ta ce masa uffan ba. Shi ma a ranar rediyon bai kama tasha ba.

Bayan 'yan kwanaki Koci ta zo shago. Ba ta yi kwana-kwana ba.

"Baba, akwai mataimakin da muka horar, ba ya waiwaye. A can in aka yi irin wannan, ba za a ce kuskuren uba ba ne, za a ce na ƙasa ne."

"Malama, ni na ƙera abin nan. Na san shi kamar tafin hannuna. Ita ma Auta ba za ta yarda da..."

"Ba kai zan tambaya ba."

Ta zagaya ta shiga tsakanin keken da bango, ta durƙusa, ta ce, "Auta, wa kike so ya zauna a gabanki?" Sai ta yi shiru tana jira. Kafinta ya ga jiran ya yi tsawo har ya fara murza hannu.

Can Auta ta ce, "Baba ne. Amma... in ya sake... juyawa... shi ke nan. A kawo... wancan."

Bai taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka ba. Ko kuwa in ce bai taɓa bari ba.

Ranar tafiya ta zo, suka hau jirgi. Aka sauke su a wata unguwa da aka gina domin 'yan wasa kawai. Dogayen benaye, ƙofofi masu buɗe kansu, ko'ina an yi gangare domin keke. Ga makaho mai gudu an ɗaure hannunsa da na ɗan jagoransa. Ga wata ba ta da hannu ko ɗaya, tana latsa waya da yatsan ƙafa tana dariya. Babu mai kallon kowa.

Auta aka kai ta ɓangaren mata tare da Koci. Shi aka haɗa shi ɗaki da wani mataimakin mai ɗaga ƙarfe, wanda kullum kunnensa a toshe yake da abin jin kiɗa. Kafinta zai fara, "Ka ga gadon nan, ba katako ba ne na gaskiya..." sai mutumin ya ɗaga masa babban yatsa ya juya.

Ya sauko ƙasa ya zauna a benci. Mutane suna ta wucewa, kowa da yarensa, babu wanda zai ce masa sannu ya gane. Ya kira babban ɗansa, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya kira Gwaggo, ta ce, "Yaya, kana cin abinci kuwa?" kafin ya amsa layin ya yanke. Ya daɗe yana kallon wayar. Daga baya ya hau sama ya buɗe akwatin indararo, ya yi ta goge shi da tsumma alhali ba ƙura a jikinsa.

Washegari da safe ya je ɗakin cin abinci, wani makeken wuri kamar kasuwa. Shayi yake so, amma ba madara, don madara tana ɓata masa ciki. Ya tsaya gaban wata yarinya mai zuba wa mutane. Ya nuna butar shayi, ya fara haɗa 'yan kalmomin da ya tsinta, yana neman yadda zai ce ban da madara.

Yarinyar mai kirki ce, wallahi. Ta yi masa murmushi, ta gyaɗa kai tun bai gama ba, ta zuba shayin, ta antaya madara har ya yi fari, ta miƙa masa da hannu biyu. Ya buɗe baki zai ce a'a, ta riga ta juya ga na bayansa.

Ya tsaya riƙe da kofi a tsakiyar mutane. Ba a zage shi ba, ba a hantare shi ba. An yi masa alheri ne, amma ba wanda ya roƙa ba.

Koci ta turo Auta ta bar masa ita ya ba ta abinci. Ya tura keken zuwa tebur na can ƙarshe, ya ajiye ta kamar yadda ya saba. Ya ɗauki cokali. Sai ya ajiye.

"Auta, me kike so?"

Ta dube shi kamar ba ta yarda ba. Ya kama bakinsa da hannu, da gaske, ya riƙe leɓensa da yatsu biyu. Ta ga haka ta fara.

"Ka... juya ni. In ga... mutane."

Sai a lokacin ya lura. A ɗakin da duniya ta taru, ya samo bango ya kafa mata a gaba.

Ya juya keken. Idonta ya yi ta yawo, daga masu jajayen riguna zuwa masu kore, daga wani ƙato mai ƙafar ƙarfe zuwa wasu 'yan mata da ke rigima a kan ayaba. Har ta manta da abincin. Can, ba tare da ta dube shi ba, ta ce:

"A shago ma... abin da... nake cewa... ke nan."

Kafinta ya ɗauki shayin nan mai madara ya shanye tas, kamar magani.

Auta ta ci wasa ɗaya, ta faɗi ɗaya. Saura na uku, wanda in ta ci za ta wuce zagaye na gaba, in ta faɗi sai gida. Abokin karawarta wani dattijo ne mai furfura daga wata ƙasa mai nisa, matarsa ce mataimakiyarsa. Ita matar ta zauna ta ba fili baya kamar an dasa ta, da gani ta saba.

Kafinta ya zauna a gaban 'yarsa. Abin da yake gani fuskarta ne, a bayanta kuma wani dogon bango mai shuɗin labule. Komai na faruwa a bayansa. Yana jin gangarar ƙwallo a daɓe, yana jin ɗan bugun da yake yi in ya taɓa ɗan'uwansa, yana jin 'yan kallo suna cewa "ahh" bai san a kan me ba. Ya dubi bangon nan ya ce a ransa, ashe haka ake ji.

Aka zo zagayen ƙarshe, dattijon yana gaba da maki ɗaya. Auta ta yi ta cewa hagu, kusa, hagu, kusa, har hannun kafinta ya haddace inda farin ƙwallo yake ko bai gani ba. Dattijon ya jefa nasa na ƙarshe, aka ji bugu mai ƙarfi, 'yan kallo suka yi guna-guni.

Saura ƙwallo ɗaya, na Auta.

"Dama," in ji ta.

Ya juya indararo dama.

"Ƙara."

Ya ƙara.

"Ƙara."

Indararon yanzu yana nuna wani wuri can, inda a lissafinsa babu komai sai daɓe. Ko ta rikice ne? Ko gajiya ce? Wuyansa ya fara ƙaiƙayi. Kallo ɗaya kawai, kamar ƙiftawar ido, ya isa ya sani.

Bai juya ba.

Saura ta faɗi inda za a ɗora ƙwallon a jikin indararo, don dole ita ce za ta ce a ɗora. Sai jikinta ya ƙanƙame, irin yadda yake mata in hankalinta ya tashi. Haƙoranta suka datse. Leɓenta na rawa, kalmar ta ƙi fita. Alƙali ya ɗaga murya ya sanar cewa lokaci ya kusa ƙarewa.

Kafinta ya san abin da za ta ce, ko dai yana ganin ya sani. Ƙasa-ƙasa za a ɗora, a gangara a hankali, haka aka yi duk zagayen. Hannunsa ya ɗauki ƙwallon ya nufi ƙasan indararo da kansa. Ya tsayar da shi a iska. Ya mayar da shi kan cinyarsa. Ya ciji harshensa har ya ji ɗanɗanon jini, ya zuba wa bakinta ido, ya jira.

"Can..." Ta ja numfashi. "Can... sama. Ƙarshe."

Can sama ke nan ƙarfi, kamar mai son fasa wani abu. Ya miƙa hannu ya ɗora ƙwallon a ƙololuwar indararo, ya janye. Ta sunkuyar da kai, sandar goshinta ta taɓa shi.

Ya ji ya wuce ta gefen kunnensa. Ya ji gangara. Ya ji bugu, ya sake jin wani bugun. Sai shiru.

Sai ɗakin ya ɗauki ihu.

Bai san ko na wa ne ba. Alƙali bai ba da izini ba tukuna, yana can yana awo. Kafinta yana zaune, gumi na bin bayansa, mutane na tafi a kan abin da 'yarsa ta yi, shi kaɗai ne bai gani ba, shi da matar dattijon. Idon Auta yana can bayan kafaɗarsa. A hankali ta dawo da shi kan fuskarsa. Sai bakinta ya karkace gefe guda, irin dariyar da rabonsa da ganinta tun uwarta na da rai.

Ta ci maki biyu, ta wuce dattijon da ɗaya.

A waje Koci ta zo da gudu da waya a hannu. "Baba, zo ka ga abin da ta yi! An ɗauka, ga shi nan!"

Ya kawar da kai. "A'a, Malama. Mai abin tana nan. Ita za ta ba ni labari."

Ya tura ta gindin wata bishiya, ya juya keken yana kallon masu wucewa, ya zauna a ƙasa kusa da tayar. Ta ba shi labari. Ashe jifar dattijon ta ƙarshe ta ture farin ƙwallo ne can dama, ya tsaya a bayan wasu nata biyu da suka kauce tun farko. Shi ya sa ta nemi ƙarfi, ta daki ɗaya ya daki ɗayan, suka je suka kwanta jikin farin. Labarin da ni zan gama kafin ku sha ruwa, ita sai da inuwa ta matsa daga inda suke. Bai taya ta ko da kalma ɗaya ba.

Kada in yi muku ƙarya, ba ta ciyo zinare ba. A zagaye na gaba ta haɗu da wadda ta fi ta, aka fitar da ita. Sun dawo ba lambar komai a wuya.

Gidan yana nan da shirunsa, 'yan mazan har yanzu sai sun ga dama suke kira. Amma in kun bi ta layin da safe za ku ga keke a bakin ƙofar shago, yana kallon titi. Kafinta ya kwashe teburin aikinsa ya mayar can ciki saboda garin katako. Wasu suna tsayawa su kalle ta. Ita ma sai ta kalle su, har su ji kunya su gaishe ta.

Ranar farko mai walda ya leƙo, ya ce, "Auta, sannu da dawowa. Ya gasa?"

Kafinta ya buɗe baki, ya rufe, ya ci gaba da goge katako.

Auta ta ƙare wa mai walda kallo. "Ashe... kai ne... mai damun mu... da ƙara. Na ɗauka... ƙato ne."

Gwaggo da ke tsaye da kwano a hannu ta dubi yayanta ta ce, "Ikon Allah. Wa ya cire wa rediyon nan batir?"

Da yamma yana shirin rufe shago, Auta ta ce, "Baba." Ya ajiye kwaɗon ya tsaya.

"Ka adana... indararon. Akwai... wata gasar. Kai... za ka zauna."

Ya ce, "To." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Darasi: 'Ya'yana, ciyarwa da ɗawainiya ba su ne ƙarshen ƙauna ba. Kana iya yi wa mutum komai, ka kuma hana shi abu ɗaya da yake roƙo, don ba ka taɓa tsayawa ka ji ba. Mai lalura ba hankali ya rasa ba, lokaci yake buƙata. In akwai irinsa a gidanku, ko tsoho, ko mai in'ina, ku tambaye shi da kansa, ku kama bakinku har ya kai ƙarshen maganarsa. Ku tura wa 'yan'uwa wannan, musamman masu jinya, wataƙila akwai kujerar da za a juya yau.